Dutsen da Ke Bayan Kafaɗar Masunci

Tun da na fara riƙe kyamara mutane ba su cika shiga hotona ba, kuma Baba ne sila. Dokarsa ce tun muna yara, ba a shigo masa da hoton mai rai gida. Ranar da na sayi kyamarar a hannun wani abokin aikina na zo ina ta ɓoye-ɓoye, sai ya ce in kawo ya gani. Ya juya ta, ya leƙa ta gaba maimakon ta baya, ya miƙo mini abata.

"In dai itace ne da ruwa, je ka yi ta fama," in ji shi. "Ranar lahira ba wanda zai ce ka busa wa gada rai."

Sai na bi itace da ruwa da gada. Da farko biyayya ce, daga baya ta zame mini jiki, har in mutum ya gifta ta gaban kyamarata sai in ji haushi ya kama ni, in sauke hannu in jira ya wuce.

A lokacin da nake ba da labari ina zaune a ciki da falo a wani gidan haya a Gyadi-Gyadi, can bayan titin Zariya. Aurena ya mutu shekarun baya, ba ɗa ba jika, ban kuma yi zuciyar sake wani ba. Da rana ina wata ma'aikatar gwamnati ina tura takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Ranar Asabar kuwa, da an sallame sallar asuba sai in rataya jaka, in hau babur in miƙi titin Zariya kafin manyan motoci su farka. Yawanci gadar Tamburawa nake tsayawa. A wannan lokacin masu haƙar yashi ba su fito ba, kogin yana kwance shiru, haske yana fara taɓa ƙafafun gadar ɗaya bayan ɗaya. Ɗan lokaci ne ƙanƙane, da rana ta ɗago shi ke nan, komai ya koma yadda kowa ya san shi. Ni kaɗai nake tsayawa a wurin, ni kaɗai nake dawowa, in dafa shayi in sha ni kaɗai. Ba zan ce ban ji kaɗaici ba. Na ji shi sosai, na dai saba ne.

Zamanin soja sana'ar tawa da hatsari. Gada da dam abubuwa ne da ba a son a gan ka kana nuna musu kyamara. Akwai safiyar da wani mai kaki ya tare ni a bakin gada, ya tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce ba kowa, kyau ta yi mini. Ya dube ni, ya dubi gadar, ya yanke hukuncin ko dai ɗan leƙen asiri ne ni ko kuma mai taɓin hankali. Ya buɗe bayan kyamarar ya zaro fim ɗin ya shanya shi a rana, ya ce in ɓace masa da gani. Tun daga nan na bar Tamburawa, ban ƙara kusantar babban ruwa ba, sai ƙananan kududdufai da gadojin ƙauye.

Mutum ɗaya ce take kallon hotunan nan, maƙwabciyata ta ɗakin da ke kallon nawa. Tsohuwar malamar firamare ce daga Kudancin Kaduna, ta yi ritaya, 'ya'yanta duk sun watse garuruwa, kowa a gidanmu na haya, Mama yake ce mata. Takan sa tabarau ta bi su ɗaya-ɗaya kamar tana duba jarrabawa. Wata rana ta ajiye su a cinya ta ce, "Ɗana, hotunanka da kyau, amma duk kamar garin da aka tashi mutanensa."

Ta taɓa wurin da ke ciwo. Mu ɗin mutanen garin da aka tasa ne. Ƙauyenmu yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Ina yaro aka zo aka ce za a tare kogi, aka kwashe mu aka kai wani fili, Baba bai iya zaman wurin ba ya tattaro mu muka shigo Kano. A gabashin ƙauyen akwai wani falalen dutse da muke ce wa fa, inda mata suke shanya hatsi da barkono, har da ramukan da kakanni suka yi niƙa a jikinsa. Maƙabarta tana bayansa. A nan aka binne Inna, daminar ƙarshe kafin a tashe mu. Kabarinmu na ƙauye ba suna ba allo, sai fasasshiyar tukunya, to balle wanda ruwa ya hau. Baba bai sake aure ba, bai kuma cika ambaton ta ba.

Shekarar da soja suka shirya miƙa wa farar hula mulki, Baba yana kwance a gidan Yayana a Tarauni. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, maganarsa ta koma can ƙasa, sai ka kara kunne. Kullum in na tashi daga aiki nakan biya in zauna a gefen katifarsa har magariba. Ba wata hira muke yi ba. Shi yana jan carbi da hannun da ya rage masa, ni ina kallon bango.

Bazarar ta yi tsanani a shekarar. Wani mai sayar da kifi ɗan wajenmu, da yake kawo kaya kasuwar Tarauni, ya shigo gaishe da Baba, a cikin hira ya ce ruwan dam ya ja baya irin yadda bai taɓa gani ba, har kan fa ya leƙo. Da na zo da yamma na tarar Baba ya sa an jingina shi da bango, idonsa a ƙofa.

"Kai mai injin nan," ya ce. "An ce fa ya fito."

"Haka na ji, Baba."

"Ni dai ba inda za ni. Ka je ka ɗauko mini shi in gani, kafin ruwa ya sauka."

Wannan ne karo na farko da Baba ya nemi wani abu a wurin kyamarata. Na yi murna irin ta yaro, ni da furfura ta fara fito mini a gemu. Na kuma ji tsoro, don hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, shi kuma Baba kullum ƙara ƙanƙancewa yake a kan katifar.

Duk hotunana na baya baƙi da fari ne, wani dattijo mai ɗan shago a unguwarmu yake wanke mini, ya san halina, ba ya tambaya. Amma idon Baba ya yi rauni, na ga in ba mai kala ba ne ba zai bambanta dutse da ruwa ba. Don haka na sayi fim mai kala, na sa a raina zan kai shi babban gidan wankin hoto mai inji da aka buɗe a bakin titi. Maganar masu kaki kuwa, gari ya ɗauka cewa sun kusa komawa bariki, kowa bakinsa ya buɗe, ni ma na yi ta maza.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kama hanya, na kwana a masallacin wani ƙauyen masunta a bakin ruwan. Da asuba liman ya haɗa ni da wani masunci da ya san wurin. Mutum ne kakkaura mai yawan dariya, irin waɗanda ko gaisuwa suke yi sai sun ƙyalƙyale. Ya ce me zai hana mu bari rana ta fito, in ga abin da kyau. Na ce da rana ta fito iska za ta taso, ruwa ya riƙa marin dutsen, ƙyalli kuma ya kashe hoton. Ya ce to, shi dai nasa tuƙi.

Muka shiga kwale-kwale gari bai gama wayewa ba. Ruwan launin toka, sama launin toka, ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ba abin da kake ji sai filafilinsa na tuƙi yana shiga ruwa yana fita. Muka yi ta tafiya har na fara zargin ya ɓata. Can sai ya nuna da haɓa, na ga wani baƙin abu a kwance, faɗinsa bai fi tabarmar masallaci ba. Fan da muke tsere a kansa muna yara, wanda nake gani kamar ba shi da iyaka, abin da ya rage ke nan, tudunsa bai kai kamu ɗaya a saman ruwa ba.

Wata balbela ce a tsaye a kansa. Na ɗaga kyamara na sauke, na ce wa masuncin sai ta tashi. Ya ce don me. Na ce mai rai ce, wanda zan kai wa hoton kuma ba ya son mai rai. Ya yi dariya har kwale-kwalen yana rawa, dariyar ce ma ta kore ta.

Na taka dutsen ba takalmi. Da santsi, da sanyi, ramukan niƙan nan suna nan cike da ruwa da ƙananan dodon koɗi. Na juya gabas inda maƙabartar take, ba komai sai ruwa, ya fara yin ja-ja saboda rana tana shirin ɓullowa. Na yi wa Inna addu'a, na yi kuka kaɗan, masuncin ya juya baya yana gyara ragarsa. Sannan na kama aiki. Na ɗauki dutsen daga kansa, na ɗauki ramukan, na koma kwale-kwale muka zagaya shi ina ɗauka ta kowace kusurwa, na ɗauki ruwan gabas shi kaɗai. Ban taɓa samun haske irin na wannan safiyar ba, kuma tun ina dannawa na san sun yi.

Mun juya za mu tafi, saura guda a fim ɗin, sai masuncin ya ce, "Yanzu Malam duk ƙyas-ƙyas ɗin nan ba nawa ko ɗaya? Dutse ya fi ni kyau ke nan?"

Kunya ta kama ni. Ya miƙe tsaye ya dogara filafili, baki har kunne, na danna masa na ƙarshen.

Na dawo na tarar Kano ta rikice da murna. Ana ta rantsar da sababbin shugabanni, kowane lungu da walima, kowane kansila da sabuwar babbar riga da mai hoto a bayansa. Gidan wankin hoton ya cika maƙil da masu hoton biki, kowa da fim cike da aljihu yana ihu a fara yi masa. Da ƙyar na kai ga kanta. Wani ma'aikaci ya karɓi nawa ya jefa a ambulan, ya ce in dawo jibi. Jibin nan ta yi ta haihuwar wata jibin. Yau ba wuta, gobe inji ya yi zafi, gata aikin wani babba ne ya shigo dole a ajiye na kowa. Kullum da yamma in na shiga ɗakin Baba hannuna yake fara kallo. A cikin jiran nan ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo shi, ina kwance ina jin sa a kan kwano raina yana ɓaci.

Ranar da aka miƙo mini ambulan ɗin na ji shi shafal. Na buɗe, kati ɗaya ne a ciki, masunci yana dariya, da ɗan guntun fim ɗinsa, wato negatif, an yanke an maƙala.

"Ina sauran?" na ce.

"Wallahi Malam sai haƙuri, fim ɗinka duk ya lalace," in ji ma'aikacin, da fuskar tausayi. "Wannan kaɗai ya yi. Sauran ba kowa a ciki, ruwa ne kawai da wani baƙin abu. Ina jin kyamarar ce take ta tashi da kanta a cikin jaka."

A nan na san yadda suke aiki. Masu kawo musu fim kusan duk masu hoton biki ne da suna, kowane hoto da mai shi. Don haka mai inji yakan ɗaga fim a haske, inda ya ga mutum ya buga, ya sa almakashi ya yanke negatif ɗin ya haɗa da katin. Inda bai ga kowa ba kuskure ne, ba a bugawa, sai kwandon shara. Taimako ne a wurinsu. Wanda yake son a buga masa duka shi yake faɗa tun farko, ni kuwa dattijona bai taɓa sa na san ana faɗa ba.

Na ce a kawo kwandon. Ya ce ai shara kullum ake kwashewa, wannan ta kwana biyu da tafiya. Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba, ni da ko a ofis ba a san sautina ba. Masu hoto suka zagaye mu suna kallo. Da suka fahimci a kan dutse nake wannan faɗan, sai wani daga baya ya ce, "Malam, dutsen ne zai karɓi hoton ko ruwan?" Aka fashe da dariya. Ma'aikacin bai yi dariya ba, ya dai rasa laifin da ya yi, har yana ba ni shawara in riƙa rufe kyamarar kafin in sa a jaka.

Ban gaya wa Baba ba. Na samu man babur da ƙyar, Asabar na sake komawa da sabon fim. Masuncin ya kai ni daidai wurin da asuba, muka tsaya a tsakiyar ruwa, ba komai. An yi ruwa sosai a kudu, kogi ya kawo. Ya zura filafili har hannunsa ya nutse, na ji ƙarar itace a kan dutse can ƙasa. Wannan karon bai yi dariya ba. Ban ko buɗe jakar ba muka juyo.

Da na dawo na zauna a ƙofar ɗaki da katin nan a hannu, na rasa yadda zan shiga Tarauni. Mama ta fito shanya, ta ga yanayina, na ba ta labari. Ta karɓi hoton ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa.

"To wannan fa mene ne a bayan kafaɗarsa?" ta ce.

Na karɓa. Ni haushin mutumin ya hana ni kallon komai sai haƙoransa. A gefen dama, sama da kafaɗarsa, ga gefen fa nan ya shigo, baƙi, siriri, da jan ruwan gabas a bayansa. Duka faɗin wurin bai fi yatsa biyu ba.

"Kai masa," in ji Mama.

"Mama, da mutum a ciki. Baba ba ya karɓar hoton mai rai."

"Kai dai kai masa. Shi ya san abin da zai yi da shi."

Na shiga ɗakin Baba. Na durƙusa na faɗa masa komai, na ce ruwa ya rufe, wannan kaɗai ya tsira, kuma ga abin da ke ciki. Ya miƙo hannun dama. Ya kai katin kusa da ido, ya nisanta, ya sake kusantowa. Sai ya ɗora shi a gwiwa, ya sa hannu ɗaya ya ninke shi a hankali, masuncin ya koma baya, 'yar siririyar nan ta rage a gaba.

"Wannan bawan Allah ba ruwana da shi, Allah ya yi masa albarka," ya ce. "Nan ne gabas?"

"Nan ne, Baba."

Ya ɗora babban yatsansa daidai inda dutsen ya haɗu da ruwa. "To nan take."

Muka zauna har aka kira magariba, yatsan yana wurin.

Matar Yaya ce ta gaya mini abin da yake yi kullum. Da ya idar da sallar asuba a zaune, sai ya zaro katin daga ƙarƙashin matashi, ya yi addu'o'insa, ya tofa a yatsa ya shafa a wurin. Katin hoto kuwa ba ya son danshi, ga damina. Kafin kaka na lura launin ya fara tashi. Na ce masa akwai negatif, bari in je a bugo masa sabo, har a ƙara girman wurin.

"Bar shi," ya ce. "Ai yanzu na san wurin."

Baba ya rasu bayan an gama girbi, da hantsi, muka kai shi maƙabartar Tarauni. Da aka zo kwashe shimfiɗarsa matar Yaya ta miƙo mini katin, ta ce ni ya dace in riƙe. Sai da na koma ɗakina a Gyadi-Gyadi na warware ninkin. Masuncin yana nan yadda yake, fes, da filafilinsa da dariyarsa, ko ƙwarzane babu. Dutsen kuwa babu shi, jan ruwan ma babu, sai farar takarda.

Negatif ɗin yana cikin akwatina har yau, ban taɓa kai shi an buga ba. Na ci gaba da fita da asuba shekaru da yawa, na tara gadoji da ruwaye cike da kwali, ba wanda ya ƙara tare ni. Ruwan bai sake ja baya har fa ya fito ba, ko kuma ya fito ba wanda ya gaya mini.

Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, ko na fasfo. In 'ya'yan Yaya suka tambaye ni kamanninsa, sai dai in kwatanta da baki. Amma wani lokaci bayan sallar asuba nakan ɗauko katin nan in ɗora yatsana a kan farin tabon. Nawa bai cika shi ba, na Baba ya fi nawa faɗi.